Yadda Ake Sauya Sitod Ɗin Taya Idan Ya Karye

Yawanci a wajen mai faci abin yake faruwa. An gama liƙe taya an mayar, yaron shago ya zura dogon bututu a jikin wil sifana, ya hau ya taka da ƙafa biyu, sai ka ji ƙas, noti ya faɗo ƙasa da guntun ƙarfe a cikinsa. Nan take a ce maka, "Ba komai Alhaji, saura huɗu, za su kai ka." Wannan ƙarfen da ya karye shi makanikai suke kira sitod, wasu su ce bol ɗin taya. Kuɗinsa kaɗan ne, sauya shi ma a yawancin motoci aikin awa ɗaya ne ko biyu. Abin da yake damuna shi ne yawan motocin da nake gani a tasha, cike da fasinja, suna tafiya da noti uku a inda ya kamata a ga biyar.

Sitod ba ɗaure shi ake yi a jikin mota ba, cusa shi ake yi da ƙarfi. Yana da kai mai faɗi kamar na ƙusa, wanda yake zama a bayan hob, wato farantin ƙarfen da taya take juyawa a kansa. Gaban kan akwai wuya mai ƙananan haƙora, su ne suke cizon ramin hob don kada ya juya, sai kuma zaren da noti yake bi, wanda a gareji ake ce wa tiredi.

Me ya karya shi?

Kada ka sayi sabo kafin ka amsa wannan tambaya, don in ba haka ba sabon ma hanyar tsohon zai bi. Mutane da yawa suna zaton nauyin mota a kan sitod yake rataye. Ba haka ba ne. Idan ka ɗaure noti, sitod yana ɗan miƙewa kaɗan, yadda ido ba zai gani ba, wannan miƙewar ce take matse rim da fuskar hob har su zama kamar abu ɗaya. Matsewar ita take ɗaukar kaya. Idan noti ya yi sako-sako, rim zai riƙa motsi, duk juyin taya sitod ya lanƙwashe nan ya lanƙwashe can, kamar yadda ake karya waya da hannu, har ya gaji ya tsinke. Idan kuma an wuce gona da iri wajen ɗaurewa, ƙarfen zai miƙe fiye da inda zai iya komawa, ya sirance, ya daina riƙo, ya jira ramin farko a titi.

Ga lissafin da nake so kowane mai mota ya sani. Notin tayar Toyota Corolla da Camry awon ƙarfin ɗaurinsa niyuton-mita 103 ne, na Honda Accord da Civic kuma 108. Mutum mai nauyin kilo 70 idan ya tsaya a ƙarshen bututu mai tsawon mita ɗaya, ya zuba wa notin kusan niyuton-mita 690, tun bai yi tsalle ba. Ya ninka abin da ake bukata fiye da sau shida. Injin ɗaure noti mai iska ma haka yake yi idan aka sake masa, ga shi kuma in noti ya hau a karkace ba ya ji, sai ya cinye zaren gaba ɗaya.

Ɗauki guntun da ya karye ka duba bakinsa, zai faɗa maka gaskiya. Idan wani ɓangare ya yi duhu ko tsatsa, yana da layuka kamar zanen cikin albasa, sannan ɗan ɓangare kaɗan ne yake ƙyalli, to tsagewar ta daɗe tana ci, kuma galibi sako-sako ne sanadi. Idan bakin duka sabo ne fes, ƙarfen ya sirance dab da inda ya karye, zaren ya buɗe, to ƙarfi ne ya yi masa yawa. Ka duba ramukan rim ɗin ma: ramin da ya koma kamar ƙwai, ko jan tsatsa da ya zubo daga gefen noti, shaida ce cewa tayar ta jima tana rawa. Irin wannan rim ɗin ba ya sake riƙe noti da kyau, sauya shi ake yi.

Idan a hanya ya same ka

Ka tsaya ka gwada sauran notocin ɗaya bayan ɗaya. Motar da take da sitod biyar, ɗaya ya tafi, sauran huɗun suna nan daram, za ka iya lallaɓawa a hankali zuwa garejin da ya fi kusa, ba gudu, ba faɗawa rami, ba taka burki da ƙarfi. Garejin da ya fi kusa na ce, ba Kano zuwa Maiduguri ba. Mai sitod huɗu kuwa, ɗaya ya karye ya bar gibi babba, sai ka ƙara taka-tsantsan, ka rage kaya. Idan biyu ne suka karye, musamman masu maƙwabtaka da juna, ka kashe motar. A zo a gyara a wurin ko a ja ta. Tayar da ta fice a kan gudu ba kai kaɗai take yi wa illa ba, takan yi gaba ta sami mai babur ko mai talla a bakin titi.

Sayen sabo

Mafi sauƙi shi ne ka fara cire tsohon, ka tafi da shi kasuwa a aljihu, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja. Abubuwa huɗu za ka gwada: zaren, kaurin wuyan nan mai haƙora, tsawo, da siffar kai.

Toyota da Honda duk zarensu M12 x 1.5 ne, ma'ana kauri milimita 12, tazarar zare milimita ɗaya da rabi. Nissan kuwa M12 x 1.25 take amfani da shi. Da ido kusan ɗaya suke, notin ma zai hau zagaye ɗaya ko biyu kafin ya cije, a nan ne mai gaggawa yake sa ƙarfi ya lalata komai. Kuma kasancewar Toyota da Honda zarensu ɗaya bai sa sitod ɗinsu ya zama ɗaya ba: wuyan na Toyota ya kai kusan milimita 14, na Honda kusan 12. Ka sa na Honda a ramin Toyota zai yi ta yawo, na Toyota kuma ba zai shiga ramin Honda ba sai an fasa wani abu. Idan ka ga 10.9 a kan sitod, lambar ƙarfin ƙarfen ce, kuma irinsa ake so. Bol ɗin gama-gari na masu kayan gini ba shi da wuri a nan ko da zaren ya dace.

Ni ba na son sitod ɗin da aka buge daga tsohon hob na kwance, domin ba ka san wane bututu aka taka a kansa ba. Sannan idan ƙarfi ne ya karya naka, ka tuna mutum ɗaya ne ya ɗaure duka notocin tayar a rana ɗaya. Aƙalla ka sauya na dama da na hagunsa, in da hali ka sauya duka na wannan ƙafar tunda ka riga ka kwance. Ka haɗa da sababbin notoci, kuma ka kula da gindinsu. Rim ɗin ƙarfe yawanci noti mai gindi kamar mazurari yake so, na Honda na asali gindinsa a zagaye yake kamar ƙwallo, rim ɗin alminiyam na Toyota kuma yakan zo da noti mai washa a jiki. Noti mara dacewa bakinsa kawai yake taɓa rim, kwana kaɗan ya saki. Ka ƙaro noti ɗaya mai buɗaɗɗen baki, da washoshi masu kauri huɗu ko biyar, za ka ga amfaninsu.

Kwancewa

Kayan aiki: jak, ƙafar ƙarfe da ake ɗora mota a kai, wil sifana, soket da sifanu, guduma mai ɗan nauyi, guntun rodi, burushin waya, waya mai ƙarfi, man sassauta tsatsa irin su WD-40, da tabarau na kare ido. Notin Toyota sifana mai lamba 21 yake so, na Honda 19.

Ka ajiye motar a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ba kan rairayi ba. Ka sa dutse ko katako gaba da bayan tayoyin da ba za ka ɗaga ba. Tun motar tana ƙasa ka sassauta notocin da suka rage, rabin zagaye ya isa. Ka ɗaga, ka zura ƙafar ƙarfe ko gungumen katako mai ƙwari a ƙarƙashin jikin motar, ka sauke nauyin a kai. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yakan ruguje ba gargaɗi, jak kaɗai kuma ba a amince masa da hannun mutum, balle inda za a yi bugu da guduma. Idan ka cire tayar ka kwantar da ita a ƙarƙashin motar, kariya ce ta biyu.

A ƙafar da take da diski, wato faifan da burki yake matsewa, sai ka kwance kalifa, abin da yake riƙe fad ɗin burki. Bol biyu ne a bayansa. Idan ya fita kada ka bar shi yana reto a jikin tiyon burki, ka ɗaure shi da waya a jikin sifirin. Daga yanzu kada kowa ya taka burki har a gama, ka faɗa wa yara ma. Bayansa akwai ƙarfen da yake ɗauke da kalifan, shi ma bol biyu ne, manya, kuma suna da tauri. Ka lura da siririyar wayar na'urar burki ta ABS da ke kusa, kada sifana ta fizge ta.

Yanzu diski zai fito. A Honda akwai ƙananan sukurori biyu da suke riƙe shi, kuma sun iya cijewa. Sukundireban da ake bugawa da guduma shi ne maganinsu, in ka sa na hannu kan sukurun zai lalace. Idan tsatsa ta manne diskin, ka duba fuskarsa, a yawancin Toyota da Honda akwai ramuka biyu masu zare. Ka ɗaura bol na M8 x 1.25 a kowanne, kana juya wannan kana juya wancan, zai ture diskin ya fito ba tare da duka ba. A ƙafar baya mai durom, wato burki mai kama da kwano maimakon diski, dabara ɗaya ce, sai dai dole ka sauke burkin hannu tukuna, in ba haka ba lainin burkin da ke ciki zai riƙe durom ɗin. Saboda haka ne tokare tayoyi ba wasa ba ne.

Fitar da tsoho

Ga hob a gabanka. Ka leƙa bayansa, ka juya shi har karyayyen sitod ɗin ya zo daidai inda akwai fili, galibi ta wajen da kalifa yake zama, ko inda aka yanke farantin kare ƙura. A ƙafar gaba sai ka mayar da giya firi kafin hob ya juya. Ka fesa man tsatsa, ka ba shi mintuna.

Hanya mafi aminci ita ce matsi: abin cire bol-join, wanda yake kama da ƙaramin almakashi mai bol, yana tura sitod baya ba tare da girgiza komai ba. In babu, guduma za ta yi, amma da hankali. Ka ɗora guntun rodi a kan ragowar sitod ɗin, ka yi bugu biyu ko uku masu nauyi, a miƙe. Abin da ba a so shi ne a yi ta luguden duka, domin duk bugu yana sauka a kan boris ɗin da ke bayan hob, wanda hob yake juyawa a kansa. Sau da yawa mota takan fara kukan boris makonni kaɗan bayan an sauya mata sitod, mai ita bai san daga ina abin ya samo asali ba. Idan ka buga sau huɗu bai motsa ba, ka tsaya, ka ƙara mai, ka nemo abin matsi. Wuta kuma ka bar ta, zafi yana narkar da giris ɗin boris ya ƙona robarsa.

Akwai motocin da ba su bar fili a baya ba. Ƙafar gaba ta Honda da yawa haka take: guntun tsoho zai fita, amma sabon mai cikakken tsawo ba zai shiga ba, kansa yana tokarar nokul, wato ƙarfen da hob yake zaune a jikinsa. Accord ta 1990 zuwa 1997 ta ƙara da nata, diskinta a bayan hob yake, sai hob ya fita kafin shi. Wasu sukan gurje gefen kan sitod kaɗan don ya wuce, wasu kuma su gurje nokul ɗin kansa. Na biyun ban yarda da shi ba ko kaɗan, ƙarfe ne da yake ɗauke da sitiyari da burki. Hanyar ƙwarai ita ce a cire hob a kan injin matsi, kuma da yake boris yakan rabu biyu idan aka zare hob, ka shirya sayen sabo. In ka ga aikin ya kai nan kuma ba ka da kayan, ka mayar da komai ka kai wa mai su.

Shigar da sabo

Ka goge ramin da burushin waya, ka duba ko akwai tsagewa a gefensa. Ka zuro sabon sitod daga baya, kana ɗan juya shi da yatsa har haƙoransa su faɗa sawun na tsohon. Ya kamata ya tsaya a bakin ramin ya ƙi wucewa. Idan ya shige da hannu har ƙarshe, ko dai sitod ɗin ba nasa ba ne, ko ramin ya buɗe. Ramin da ya buɗe maganinsa sabon hob. Na san za a ce maka a ɗiga masa walda a baya. Kada ka yarda. Ƙarfen sitod an gasa shi ne a masana'anta ya kai wani tauri na musamman, zafin walda yana ɓata wannan, kuma a daidai wuyan, inda ya fi shan wahala. Haɗa karyayyen sitod da walda kuwa, wannan ko a maganar ba ya shiga.

Yanzu ka jera washoshin nan a kan sitod ɗin ta gaba, ka shafa ɗan mai a tsakaninsu don su riƙa zamewa, ka ɗaura notin nan mai buɗaɗɗen baki, shimfiɗaɗɗen gefensa yana kallon washa. Kana ɗaurewa da sifana, notin yana janyo sitod cikin ramin. Idan hob yana juyawa, ka gitta dogon ƙarfe tsakanin wasu sitod biyu ya tokari ƙasa, amma ka fara sa musu tsofaffin notoci don kada zarensu ya mutu. Da hannu ake wannan aikin, a hankali, kana leƙa baya. Da zarar kan sitod ya kwanta lif a jikin hob, sifana za ta yi tauri farat ɗaya. Nan za ka tsaya. Ka haska fitila ka duba kewayen kan. Idan takarda za ta iya shiga tsakaninsa da hob, bai zauna ba. Sitod ɗin da bai zauna ba zai ƙarasa zama a kan hanya, notinsa ya saki, a koma gidan jiya.

Ka cire notin ka jefar, ya gama aikinsa. Ka goge duk man da ya taɓa zaren har ya bushe. Ka kankare tsatsar fuskar hob da ta bayan rim, domin datti ko ɓawon tsatsa da ya maƙale a tsakani yakan murƙushe daga baya, matsewar ta ragu. Ka mayar da diski, da mariƙin kalifa, da kalifa, ka ɗaure bol ɗinsu sosai, ka tabbata tiyon burki bai murɗe ba.

Masu Golf da Fijo

Volkswagen Golf da Sharan, da Peugeot 406, da Mercedes da BMW ba su da sitod. Bol ne yake ratsa rim ya shiga zaren da ke cikin hob. Idan ya karye, ragowar tana cikin ramin. Ka cire taya da diski, sau da yawa za ka tarar da ɗan guntu ya leƙo, kuma tunda kansa ya tafi ba matsi a kansa, filaya mai kullewa za ta juyo shi. In ya ƙi, a nan walda tana da amfani: a ɗora noti a kan guntun a ɗiga walda a cikinsa, a kwance da sifana, a jefar da duka. A cire kan batir tukuna, kuma a maƙala wayar ƙasa ta injin walda a jikin hob ɗin, kada wuta ta bi ta cikin boris. Idan zaren hob ya lalace, hob ake sauyawa. Wajen sayen bol ka gwada tsawo da na asali, wanda ya yi tsawo yakan taɓa kayan burki a ciki.

Direbobin Kanta da Isuzu kuma su duba kan sitod ɗin ɓangaren hagu. Idan akwai harafin L, zarensa na hagu ne, ta dama ake kwance shi. An karya da yawa saboda yaro yana ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake yi.

Ɗaure taya

Ka ɗora taya, ka fara kowane noti da yatsu. Noti mai lafiya yana tafiya da hannu. In ya cije a zagaye na biyu, ka dawo da shi ka duba. Ƙa'idar ita ce zaren da noti ya kama ya kai kaurin sitod, wato aƙalla zagaye 8 a kan M12 x 1.5, kusan 10 a kan M12 x 1.25. Wanda ya sa rim mai kauri ko ya ƙara faranti a bayan taya ya ƙirga wannan da kyau. Kada ka shafa giris ko baƙin mai a zaren. Awon da kamfani ya bayar na busasshen zare ne, da mai a jiki sitod zai miƙe fiye da kima alhali sifana tana nuna daidai.

Ka ɗan matse su tun motar tana sama, ba bi-da-bi a zagaye ba, kana tsallakawa zuwa na ɗaya gefen kamar kana zana tauraro, don rim ya zauna a tsakiya. Ka sauke motar ka ƙarasa da wannan tsarin. Sifana mai awo, wadda take yin ƙas idan an kai adadi, ita ce ta dace, kuma adadin motarka yana cikin littafinta. In ba ka da ita, yi amfani da wil sifanar da ta zo da motar, da hannu, ba ƙafa, ba bututu. A kan sifana mai tsawon santimita 30, niyuton-mita 103 daidai yake da danna kilo 35 a ƙarshenta, abin da babban mutum zai yi da hannu biyu ba tare da nishi ba.

Kafin ka motsa, ka taka burki sau da yawa har ya yi tauri, domin takun farko bayan an taɓa kalifa yakan tafi ƙasa. Ka zagaya unguwa a hankali, gilashi a sauke, kana sauraron ƙwas-ƙwas ko rawar sitiyari. Bayan kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin notocin duka. Idan sabon ya ɗan ƙara tafiya kaɗan a karon farko, ka matse shi ka sake dubawa bayan wata tafiyar. Idan ya sake saki a karo na biyu, ka cire tayar ka leƙa bayan hob, kan sitod ɗin bai zauna ba ko ramin rim ya buɗe.